Tsokaci a Kan Yadda Ake Duba Aikin Gida na Darasin Maganaɗisu a Manyan Makarantun Sakandare: Misali da Yelwa ta Jalingo

1.0 Gabatarwa

A cikin darussan fiziks da ake koyarwa a manyan makarantun sakandare na Nijeriya, da wuya a sami wanda ya kai darasin lantarki da maganaɗisu wahalar da ɗalibai, musamman ɓangaren da ya shafi tafiyar ƙwaya mai caji a cikin filin maganaɗisu. Malami yakan koyar, ya ba da aikin gida, ya karɓa ya duba, sannan ya mayar wa ɗalibai littattafansu. Wannan takarda ta taƙaita ne a kan mataki na ƙarshe, wato abin da malami yake rubuta wa ɗalibi ko yake faɗa masa bayan ya duba aikinsa. Za mu riƙa kiran wannan abu da suna tsokacin gyara.

Mun ɗauki Yelwa ta Ƙaramar Hukumar Jalingo a matsayin misali saboda yanayin harshe na wurin. Tun da Jalingo ta zama hedikwatar Jihar Taraba a shekarar 1991, garin ya ƙara tara al'ummomi masu harsuna daban-daban, kamar Fulani da Mumuye da Kona da Hausawa da sauransu. Ɗalibi a Yelwa yana iya magana da Fulatanci ko Mumuye a gida, ya yi Hausa a kasuwa da filin wasa, sannan ya rubuta jarrabawa da Ingilishi. Duk wani rauni da yake cikin tsokacin malami yakan fi fitowa fili a irin wannan wuri.

Ra'ayinmu shi ne, yadda aka saba duba aikin gida a wannan darasi yana auna ɗalibi ne kawai ba tare da ya koya masa wani abu ba, kuma manhajar da malami yake bi tana da hannu a cikin wannan rauni. Za mu kawo hujjojinmu daga manufar ilimi ta ƙasa da kuma ainihin darasin, sannan mu ba da shawarwari.

2.0 Matsayin Duba Aiki a Manufar Ilimi da Manhaja

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977 aka kuma sake bita a 1981 da 1998 da 2004 da 2013, ta ba auna fahimta a kai a kai muhimmanci ƙwarai. Littafin jagora da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a kan wannan tsari a 1985 ya siffanta shi da siffofi huɗu: ya kasance bisa tsari, ya game dukkan ɓangarorin koyo, ya zama ana tara sakamakonsa, ya kuma kasance mai shiryar da ɗalibi. Siffofi ukun farko sun sami gindin zama a makarantu gwargwadon hali, domin akwai rajistar maki da katin sakamako da suke tilasta su. Siffa ta huɗu kuwa babu wata takarda da take tilasta ta, don haka ita ce ta fi saurin ɓacewa. A yau idan aka ambaci auna fahimta a kai a kai, abin da yake zuwa zuciyar malami da ɗalibi shi ne maki 30 ko 40 da ake tarawa kafin jarrabawar ƙarshen zango.

Manhajar fiziks ta manyan makarantun sakandare da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, ta fitar a ƙarshen shekarun 2000 ta sanya darasin maganaɗisu a ƙarƙashin jigon filaye a zaune da kuma a tafe. An tsara manhajar cikin jadawali mai ginshiƙai: batu, manufofin da ake son ɗalibi ya cim ma, ƙunshiya, ayyukan malami da na ɗalibi, kayan koyarwa, da kuma jagoran auna fahimta. Wannan tsari yana da amfani, domin yana hana malami yin dawurwura. To amma ginshiƙi na ƙarshe yana gaya wa malami abin da zai tambaya ne kawai: ɗalibi ya faɗi kaza, ya bayyana kaza, ya warware lissafi kaza. Bai gaya masa irin kurakuran da zai tarar ba, balle abin da zai yi idan ya tarar da su. Malamin da ya karɓi littattafai, ya ja layi da jan biro, ya rubuta uku bisa goma, ya cika abin da manhaja ta nema daga gare shi. Ba za a zarge shi da saɓa wa wata ƙa'ida ba, alhali ɗalibin ya koma gida da kuskurensa yadda ya zo da shi.

3.0 Abin da Darasin Ya Ƙunsa

Domin masu tsara manhaja waɗanda fiziks ba fanninsu ba ne su bi mu, ya kyautu mu taƙaita darasin. A shekarar 1820 Hans Christian Oersted, mutumin ƙasar Denmak, ya lura cewa wayar da wutar lantarki take bi takan karkatar da allurar kamfas. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa canjin filin maganaɗisu yana haifar da wutar lantarki, wanda shi ne tushen aikin janareta da taransifoma. A 1897 J. J. Thomson ya yi amfani da filin lantarki da na maganaɗisu ya karkatar da wasu ƙwayoyi a cikin kwalba maras iska, ta haka aka gano ilektiron.

Ƙa'idar da ɗalibi yake koyo ita ce F = qvB sin θ. Harafin F yana nufin ƙarfin da yake kan ƙwayar, q yawan cajinta, v gudunta, B girman filin, θ kuma kusurwar da take tsakanin hanyar ƙwayar da alƙiblar filin. Abubuwa huɗu suna fitowa daga wannan ƙa'ida, kuma kowannensu ya saɓa wa abin da ɗalibi ya saba gani:

(a) Ƙwayar da ba ta motsi, filin maganaɗisu ba ya tura ta ko kaɗan, komai yawan cajinta.
(b) Ƙwayar da take tafiya daidai da alƙiblar filin, ko kishiyarta, ita ma ba a tura ta.
(c) Idan akwai turi, to yana zuwa ne ta gefe, a kusurwar digiri 90 da hanyar ƙwayar da kuma alƙiblar filin duka biyu.
(d) Tun da turin ta gefe yake zuwa a kowane lokaci, ba ya ƙara gudun ƙwayar kuma ba ya rage shi, hanyarta kawai yake lanƙwasawa. Ƙwayar da ta shiga filin a kusurwar digiri 90 takan yi ta zagaye a da'ira, wadda tazarar cibiyarta zuwa gefe ita ce r = mv/qB.

Tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ɗalibi ya saba da cewa abin da aka tura yakan tafi inda aka tura shi, gudunsa kuma ya ƙaru. A nan kuwa ana gaya masa akwai ƙarfin da yake turawa ba tare da gudu ya ƙaru ba. Wannan ne ya sa amsar lissafi kaɗai ba ta isa ta nuna ko ɗalibi ya fahimci darasin ba.

4.0 Maki Ɗaya, Kurakurai Daban-daban

Bari mu buga misali da tambaya irin wadda ake bayarwa a aikin gida. Ilektiron mai caji 1.6 × 10⁻¹⁹ kulom da nauyin kilogiram 9.11 × 10⁻³¹ yana tafiya gabas da gudun mita 2.0 × 10⁶ a daƙiƙa. Ya shiga filin maganaɗisu mai girman tesla 1.0 × 10⁻³ wanda ya fuskanci arewa. Ana son ɗalibi ya nemo girman ƙarfin da yake kansa, da alƙiblar ƙarfin, da tazarar cibiyar da'irar da zai yi zuwa gefenta, da kuma gudunsa bayan ya yi rabin zagaye. Amsoshin su ne: niyutan 3.2 × 10⁻¹⁶, ƙasa, kimanin santimita 1.1, gudun kuma yana nan yadda yake, mita 2.0 × 10⁶ a daƙiƙa.

Mu ƙaddara ɗalibai huɗu sun kawo aikinsu.

Ɗalibi na farko ya jera komai daidai, amma ya sami 3.2 × 10¹⁶, domin alamar ɗebewa ta suɓuce masa wajen haɗa lambobin da suke saman goma. Matsalarsa ta lissafi ce. Abin da yake buƙata shi ne a tambaye shi ko ƙarfi mai wannan girma zai yiwu a kan abin da ido ba ya gani, sannan a tura shi ya sake duba ƙa'idar haɗa waɗannan lambobi.

Ɗaliba ta biyu ta sami girman ƙarfin daidai, amma ta ce alƙiblarsa sama. Ta yi amfani da ƙa'idar hannun hagu ta John Ambrose Fleming yadda aka koya mata: manuni ya nuna filin, yatsan tsakiya ya nuna hanyar wuta, babban yatsa ya nuna turi. Ta miƙa manuni arewa, yatsan tsakiya gabas, babban yatsa ya kalli sama. Da furoton ne, da amsarta ta yi daidai. Abin da ya kuɓuce mata shi ne, an ɗora ƙa'idar ne a kan tafiyar caji mai alamar tarawa, ilektiron kuwa mai alamar ɗebewa ne, don haka tafiyarsa gabas daidai take da tafiyar wuta yamma. Wannan ɗaliba ta san kashi mafi yawa na darasin. Jimla ɗaya ta isa ta gyara mata.

Ɗalibi na uku ya sami amsoshi ukun farko daidai. A na huɗu sai ya raba ƙarfi da nauyi, ya ɗauko ƙa'idar tafiya a miƙe wadda ya koya a aji ɗaya, ya ce gudun ya ƙaru. Shi ne zai fi kowa maki, amma a ganinmu kuskurensa ya fi na kowa zurfi, domin bai gane abin da ya bambanta wannan ƙarfi da saura ba. Da malami bai sanya tambaya ta huɗu ba, da ya sami goma bisa goma ya wuce da kuskurensa zuwa jami'a.

Ɗalibi na huɗu ya zana ilektiron ya karkata ya nufi arewa, kamar yadda ƙusa take nufar maganaɗisu. Wannan kuskure sananne ne a duniya. David Maloney ya yi rubutu a kansa tun 1985, inda ya nuna cewa ɗalibai da yawa sukan ɗauki bakin maganaɗisu na arewa da na kudu tamkar caji ne mai jawowa ko korewa. Shi da abokan aikinsa sun sake tarar da irin wannan tunani a gwajin fahimtar lantarki da maganaɗisu da suka wallafa a 2001, wanda aka yi wa ɗaliban kwalejoji da jami'o'in Amurka.

A tsarin duba aiki da aka saba, duk waɗannan ɗalibai za su ga abu iri ɗaya: alamar kuskure da jan biro, lamba a gefen shafi, wataƙila da kalmar Ingilishi guda mai nufin an gani ko a ƙara ƙoƙari. Daga nan sai malami ya rubuta amsa a allo, kowa ya kwafa a ƙarƙashin kanun gyara. Ɗaliba ta biyu za ta goge "sama" ta rubuta "ƙasa" ba tare da ta san dalili ba, wataƙila ma ta yanke cewa ba ta iya ƙa'idar Fleming ba, alhali ta iya. Cuta huɗu ke nan aka ba magani ɗaya.

Akwai kuma sabon dalili da ya ƙara rage darajar amsa tsurarta. Ɗalibin da yake da waya yana iya samun warwarar lissafi daga abokansa ta WhatsApp, ko daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da suka yaɗu tun daga ƙarshen 2022. Lamba daidai a shafin aikin gida ba ta ƙara zama shaidar fahimta ba. Dalilin da ɗalibi zai bayar da bakinsa ko da zanensa shi ne shaida.

5.0 Matsalar Harshe da Keɓaɓɓun Kalmomi

Da Ingilishi ake koyar da fiziks a babbar sakandare, da shi kuma hukumomin WAEC da NECO suke yin jarrabawa. Amma duk wanda ya san azuzuwan Arewa ya san cewa idan bayani ya cije, malami yakan juya zuwa Hausa, haka ma ɗalibai idan suna yi wa juna bayani bayan an tashi. Ke nan tsokacin gyara na baka da Hausa yake gudana a wurare da dama, sai dai babu wanda ya tsara masa kalmomi. Mun ga ya dace mu dubi huɗu daga cikin kalmomin da ake amfani da su.

Ta farko ita ce mayen ƙarfe. Sunan yana da armashi, kowa kuma ya san shi, amma yana ɗauke da darussa biyu da suke karo da manhaja. Yana nuna cewa aikin abin shi ne kamawa da jawowa, wanda shi ne ainihin kuskuren ɗalibi na huɗu. Yana kuma nuna cewa duk abin da ake kira ƙarfe zai kamu, alhali jan ƙarfe da alminiyam da azurfa da zinariya ba sa kamuwa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun san wannan sarai, domin da shi suke rarrabe baƙin ƙarfe da saura. Muna ganin kalmar maganaɗisu, wadda Hausa ta aro daga Larabci tun da daɗewa, ta fi dacewa da aji, a bar mayen ƙarfe a matsayin mashiga, a kuma fito da iyakarsa fili.

Ta biyu ita ce fili. A Hausa fili shimfiɗaɗɗen wuri ne, kamar filin ƙwallo ko filin idi. Filin maganaɗisu kuwa ya game sama da ƙasa da kowane gefe, kuma a kowane gurbi yana da girma da alƙibla. Ɗalibin da yake kallon sa a matsayin shimfiɗa zai sha wuya wajen yarda cewa amsa tana iya zama sama ko ƙasa, ko cikin takarda, ko wajenta. Ba mu ce a jefar da kalmar ba, tun da ta riga ta kama baki, amma wajibi ne a haɗa ta da bayani.

Ta uku ita ce caji. Ga ɗalibin yau caji shi ne abin da ake yi wa waya ko batir, abu ne da yake cika ya kuma ƙare. Cajin ilektiron kuwa siffa ce tasa ta dindindin wadda ba ta raguwa don ya yi tafiya.

Ta huɗu, wadda ta fi duka haɗari, ita ce ƙarfi. Da ita ake fassara turi ko ja, da ita ake fassara makamashi, da ita ake fassara saurin yin aiki, da ita kuma ake faɗin girman fili. Malamin da ya ce wa ɗalibi na uku "filin yana sa wa ilektiron ƙarfi amma ba ya ƙara masa ƙarfi" ya faɗi gaskiya a zuciyarsa, amma kunnen ɗalibi ya ji magana mai tufka da warwara. Da ya ce "filin yana tura shi ta gefe, amma ba ya ƙara masa makamashi, shi ya sa gudunsa bai canza ba", da an wuce wurin.

An yi ƙoƙari a baya wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi. A shekarun 1980 an fitar da jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. A 1990 an buga Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Sai dai na farko ya tsaya ne a matakin firamare, na biyu ya shafi nazarin harshe da adabi, na uku kuwa ƙamus ne na gama-gari. Malamin fiziks na aji uku yana ƙirƙirar kalmominsa ne a tsaye gaban allo.

Mun san cewa Manufar Harshe ta Ƙasa da aka amince da ita a 2022, wadda ta ce a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta a watan Nuwamba na 2025. Abin da muke magana a kai bai dogara da wannan taƙaddama ba, domin ba mu nemi a canza harshen koyarwa ko na jarrabawa ba. Muna cewa ne bayanin da ake riga ana yi da Hausa a gefen darasi ya cancanci a daidaita masa kalmomi. Ya kuma kamata a yi hattara a wuri irin Yelwa. Hausa harshe na biyu ne ga ɗalibai da yawa, wasu malaman ma ba su ƙware da ita ba. Saboda haka taimako za ta zama ga mai buƙata, kuma duk abin da aka faɗa da ita sai a maimaita shi da kalmar Ingilishin da ɗalibi zai tarar a takardar jarrabawa.

6.0 Hujjar Bincike da Uzurin Malamai

Masana ilimi sun daɗe suna nazarin wannan batu. A 1988 Ruth Butler ta kwatanta ɗaliban da aka ba maki kaɗai da waɗanda aka ba tsokaci kaɗai da waɗanda aka haɗa musu biyun. Waɗanda suka sami tsokaci kaɗai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa musu kuwa ba su fi masu maki kaɗai ba, domin da zarar ido ya faɗa kan lamba, hankali yakan bar bayani. A 1996 Kluger da DeNisi sun tattara nazarce-nazarce masu yawa, suka tarar cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen tsokaci rage ƙwazo ya yi, musamman wanda ya karkata ga mutumin ya bar aikin. Paul Black da Dylan Wiliam a 1998, da John Hattie da Helen Timperley a 2007, sun ƙarfafa cewa tsokaci mai amfani shi ne wanda yake nuna wa ɗalibi inda aka nufa, da inda yake, da matakin da zai ɗauka nan gaba. An yi waɗannan nazarce-nazarce ne a wasu ƙasashe, amma sun yi daidai da misalin da muka buga a sashe na 4.0.

Malami zai ce duk wannan ya ji, amma ina lokaci? Uzurinsa karɓaɓɓe ne. Manufar Ilimi ta 2004 ta ƙayyade ɗalibai 40 ga malami ɗaya a sakandare, amma azuzuwan makarantun gwamnati a birane sukan zarce haka. Malamin da yake da azuzuwa uku masu ɗalibai 60 kowanne zai karɓi littattafai 180. Idan ya ba kowanne minti uku, awa tara ke nan a kan aikin gida ɗaya. Duk shawarar da ta nemi ya rubuta wa kowane ɗalibi sakin layi ba za ta wuce takarda ba. Sai dai kurakuran wannan darasi ba su da yawa, kuma su ne suke maimaita kansu kowace shekara. A nan mafita take.

7.0 Shawarwari

Ga masu tsara manhaja:

(a) A ƙara wani ginshiƙi a jadawalin manhaja, ko a littafin jagoran malami, mai ɗauke da kurakuran da aka fi yi a kowane batu da gajeren tsokacin da ya dace da kowanne. Rahotannin manyan masu duba jarrabawa na WAEC, waɗanda suke bayyana raunin ɗalibai tambaya bayan tambaya, za su taimaka wajen tattara su.
(b) A haɗa malaman fiziks da masana Hausa su daidaita kalmomin lantarki da maganaɗisu na babbar sakandare, su raba ma'anonin da suka cunkushe a cikin kalmar ƙarfi. Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008 da Kwalejin Ilimi ta Zing suna kusa da waɗannan makarantu, sun kuma dace da gwada kalmomin a kan ɗaliban da Hausa ba harshensu na farko ba ne.
(c) A sanya misalan gida. Layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu ya ratsa arewacin Nijeriya, don haka filin maganaɗisun duniya a Jalingo kusan a kwance yake yana fuskantar arewa, saɓanin Ingila inda yake nutsawa ƙasa da fiye da digiri 60. Malami yana iya amfani da gabas da arewa da sama da ƙasa na ajinsa kai tsaye. Haka kuma a saman wannan layi, kimanin kilomita 100 daga ƙasa, akwai kwararar ƙwayoyi masu caji wadda Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya wajen nazarinta tun yana Jami'ar Ibadan. Ya kamata ɗalibi ya san cewa darasin yana faruwa a saman kansa, kuma ɗan ƙasarsa yana cikin manyan masanansa.

Ga malamai:

(a) A rage yawan tambayoyi. Tambaya biyu da aka duba da kyau sun fi goma da aka ja wa layi. Kowane aiki ya ƙunshi zane da kuma tambaya ɗaya ta "me ya sa".
(b) A ba kurakurai lambobi, a liƙa jerinsu a bangon aji. Misali, 1 na nufin sake duba lissafin lambobin saman goma, 2 na nufin duba alamar cajin kafin ka ɗaga hannu, 3 na nufin tuna ta ina turin yake zuwa, 4 na nufin bakin maganaɗisu ba caji ba ne. Rubuta lamba ɗaya bai fi jan layi cin lokaci ba.
(c) A jinkirta maki. A mayar da littafi da lambar kuskure kawai, a ba ɗalibi minti goma a farkon darasi ya gyara da kansa ko tare da maƙwabcinsa, sannan a rubuta maki a kan gyararren aikin.
(d) A nuna abin da ido. Maganaɗisun tsohuwar lasifika yana samuwa a wurin masu gyaran rediyo. Idan aka kusanta shi da fuskar tsohuwar talabijin mai ƙoƙo wadda aka daina amfani da ita amma tana kamawa, hoton yakan murɗe, domin ilektiron ɗin da suke zana shi sun karkata. Siririn zaren alminiyam da aka haɗa da batir aka ratsa da shi kusa da bakin maganaɗisu yakan yi tsalle gefe, idan kuma aka juya batir ya yi ɗaya gefen.
(e) A yi tsokaci a kan aikin, a bar mutumin. "Ba ka da ƙoƙari" ba ya gaya wa ɗalibi abin da zai yi gobe.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa manufar ilimi ta nemi auna fahimta ya zama mai shiryarwa, amma manhajar fiziks ta tsaya a kan tambaya ba ta kai ga abin da za a yi da amsa ba. Mun nuna da misali cewa ɗalibai huɗu suna iya faɗuwa a tambaya ɗaya saboda dalilai huɗu mabambanta, kuma wanda ya fi maki yana iya zama wanda ya fi buƙatar gyara. Mun kuma nuna yadda kalmomin mayen ƙarfe da fili da caji da ƙarfi suke iya ƙarfafa kuskure idan ba a daidaita su ba. Daga cikin ɗaliban da suke zaune a azuzuwan Yelwa a yau ne za a sami masu gyaran taransifoma da injiniyoyi da malaman fiziks na gobe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma aikin gida shi ne lokacin da kuskure yake ɗanye. Muna fata masu bitar manhaja za su ba tsokacin gyara gurbinsa a cikin jadawali, kamar yadda suka ba manufofi da kayan koyarwa.